Allah Ya Ja Zamanin Siniya

Gaishe ka toron giwan ɗakin kwana, ɗan shekara goma sha bakwai mai mulkin da ba majalisa, ba ɗaukaka ƙara! Gaishe ka bajimin aji shida, mai bel a hannu, mai yanke hukunci tun ba a kawo ƙara ba, wanda gyaran muryarsa kaɗai kan sa yara arba'in su ɗauke numfashi a ƙarƙashin bargo. An yi wa sarakuna waƙa, an yi wa 'yan dambe da manoma kirari, har mahauta suna da makaɗansu. Amma kai da ke riƙe da tarbiyyar 'ya'yan al'umma tun daga kashe fitila har kiran assalatu, ba albashi ba alawus, har yau ba a sami wanda ya ɗauki alƙalami ya ba ka haƙƙinka ba. Yau zan rage wannan bashi gwargwadon iko.

Abin da ya zaburar da ni shi ne ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara goma sha biyu, da ya dawo hutun zangon farko daga wata makarantar kwana. Lokacin da muka kai shi, yaro ne mai kumatu da surutu, mai tambaya kamar ɗan jarida, ba ya barin babba ya huta. Wata uku kacal aka yi, sai ga shi an dawo mana da shi a gyare. Ba ya magana sai an tambaye shi, in an tambaye shi ma sai ya dubi ƙofa tukuna. Ƙarfe huɗu na asuba yake farkawa ba mai tashinsa, ya zauna a bakin katifa yana jiran umarni. Abinci a tsaye yake ci, cikin gaggawa, hannu ɗaya na kare kwano. Ran nan na miƙa hannu zan ɗauko hulata a kan ƙusa, sai na ga ya dunƙule ya rufe kai da hannu biyu, cikin wani irin zafin nama da ko sojan da ya yi shekara a Zariya sai ya sara masa. Wane uba ne, duk ƙoƙarinsa, zai iya koya wa ɗansa irin wannan ladabi cikin kwana casa'in?

Ga sana'o'i kuma. Ya iya wanki, ya iya hura dutsen guga na gawayi ya fitar da karin wando kamar bakin wuƙa, ya iya ɗauko bokiti biyu daga rijiyar burtsatse ba tare da ɗigo ya zuba ba, domin kowane ɗigo da farashinsa. Ya iya yi wa mutum fifita da kwali har ya yi barci, ya kuma iya gane barcin gaskiya da na gwaji. Da uwarsa ta ɗaga masa riga za ta shafa masa mai saboda hunturu, sai ga takardar shaidarsa a gadon baya, layi-layi, da rubutun wayar wuta. Ta fashe da kuka, irin na mata da ba su san darajar ilimi ba. Ni kuwa na ce a nuna mini wata jami'a a duniya da ke ba ɗalibi shaida tun zangon farko, a rubuce a inda gobara ba ta ci, gara ba ta taɓawa.

To, ashe yaran nan har ra'ayi gare su. Wata rana da yamma na tarar da shi da abokansa huɗu a zaure, duk 'yan aji ɗaya da aji biyu, daga makarantu daban-daban, na ce su gaya mini me suke so a gyara. Na zaci za su yi shiru. Ina! Sai ka ce an ɓalle bakin famfo, kuma maganarsu ɗaya kamar sun haɗa baki. Wai so suke wani malami ya riƙa kwana a hostal, kwana na gaske, ba leƙe da tocila a wuce ba. Wai a sa ƙwan fitila a bayan banɗaki da lungun bayan kicin, domin nan ake kai mutum. Wai a raba wa 'yan aji ɗaya ɗakin kwana, kada a cuɗa su da masu gemu. Wai a karɓe bel da dorina daga hannun ɗalibi, duk wanda ya yi laifi malami ya hukunta shi. Ɗaya ya ce in da gabza na isar kowa, da ruwa na zuwa famfo, da rabin ƙwacen ya ƙare, domin siniyan ma yunwa yake ji. Mafi ƙanƙantarsu, mai in'ina, ya daɗe yana kokawa da kalma kafin ya fitar da ita: shi dai a samo hanyar da mutum zai faɗa ba tare da an san shi ya faɗa ba.

Na ce wa ɗan ƙanwata, to kai me ya hana ka gaya wa malami? Ya dube ni da mamaki, ya ce, "Kawu, malami fa gida yake tafiya. Ni kuma a nan zan kwana."

Ka ji wauta irin ta ƙuruciya! Yara 'yan bana-bakwai, ko gashin baki ba su fara ba, za su koya wa masu digiri yadda ake tafiyar da makaranta. Nan ne na ƙara ganin girman hukumomin makarantunmu, duwatsun da ba sa jin ƙaiƙayi, kunnuwan ƙashi, masu haƙurin shekara da shekaru suna jin irin waɗannan shawarwari ba su taɓa bari ko ɗaya ta ruɗe su ba. Ƙwan fitila nawa yake? Ai ba tsadarsa ba ce. Aƙida ce. In aka haska bayan banɗaki yau, gobe sai a ce a haska ofis.

Abin da yaran ba su fahimta ba, tsarin nan adashi ne, kuma adashi mafi inganci da aka taɓa ƙirƙira a ƙasar Hausa. Shekara biyar kana zubi da bayanka, da garinka, da sukarinka, da barcinka. A shekara ta shida sai ka kwasa, daga bayan wani. Ba uwar adashi, ba littafi, amma ba a taɓa jin wanda kwasarsa ta maƙale ba. Bankuna sun durƙushe a ƙasar nan, asusun fansho ya sha yin ɓatan dabo, adashin duka kuwa yana nan daram. Ɗaya daga cikin yaran zauren, mai idanu zuru-zuru, ya lissafa mini da yatsu cewa saura shekara huɗu nasa ya zo, ya kuma riga ya san irin gwale-gwalen da zai fara da shi. Ɗan shekara goma sha uku da tsarin rayuwa na shekara huɗu! Gwamnatoci nawa ne ke da irin wannan hangen nesa?

Jinjina ta musamman ga ranka-ya-daɗe shugaban makaranta, garkuwar suna, bangon rufin asiri, wanda bai taɓa ganin cin zali a makarantarsa ba domin Allah ya hore masa ofis mai labule. Shi ne ya ƙirƙiro akwatin ƙorafi, ya sa kafinta ya yi masa fenti, ya rataye shi daidai ƙofar ɗakin shugabannin ɗalibai, inda duk mai jefa takarda zai sami shaidu. Kwaɗon akwatin ya yi tsatsa, makullin ya ɓata tun tuni, zanzaro ya yi gini a bakin ramin. Kowane ƙarshen zango sai ya rubuta wa ma'aikata rahoto cewa ba a sami ƙorafi ko ɗaya ba, kuma wallahi gaskiya ya faɗa.

In kuwa wani yaro ya yi taurin kai ya kai ƙara baki da baki, sai ka ga adalci tsirara. A tara makaranta a filin asambili, a kira shi da cikakken suna da sunan garinsu, a ce ya nuna wanda ya dake shi da yatsa, a gaban ɗalibai dubu. In ya nuna, a ba siniya lauje ya yanke ciyawa ta rabin sa'a, ciyawar da juniyoyi za su yanke masa. Daga nan malamai su hau babura su tafi, rana ta faɗi, a kashe fitila. Abin da ke biyo baya darasi ne da ba wanda ya taɓa neman a maimaita masa, shi ya sa ake cewa an magance matsalar.

Kada a manta da hausmasta, gwarzon barci, wanda aka damƙa wa ɗaruruwan yara shi kaɗai, ga darasi da rana, ga albashi da ba ya kai tsakiyar wata. Da wani ne da ya yi ƙorafi. Shi kuwa sai ya gano hikimar magabata, ya wakilta. Gwamnati ma ta gane cewa siniya ma'aikaci ne na kyauta: shi ne mai gadi, shi ne alƙali, shi ne gandiroba, wani lokaci shi ne likita, domin shi ke yanke hukuncin ko zazzaɓin yaro na gaske ne ko na gudun aiki. A lissafa kuɗin da aka tara wa baitulmali ta wannan hanya, sannan a gaya mini ko akwai kwamishinan kuɗin da ya kai ɗan aji shida amfani.

Iyaye maza kuma, Allah ya saka. Mu ne ginshiƙin abin. Yaro ya kama rigarka ranar ziyara yana hawaye, ya ce Baba kada ka tafi ka bar ni, sai ka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya cikin ƙauna, ka ce masa namiji ba ya kuka, mu ma haka aka yi mana, ga shi mun zama mutane. Hujja ce da ba ta da makusa, tunda waɗanda ba su zama mutane ba, da waɗanda suka gudu suka bar karatun, da waɗanda har yau ba sa iya ɗaga ido su dubi na gaba da su, ba sa zuwa taron tsofaffin ɗalibai balle su musa. A wurin taron nan za ka ga manyan mutane da furfura suna dariya har da hawaye, ana tuna ranar da aka sa wane tsallen kwaɗo har ya suma. Wanen yana nan shi ma, yana tayawa da dariya, yana murza hularsa a hannu.

Malamanmu na addini sun karantar da mu abu biyu a haɗe: a girmama babba, a tausaya wa ƙarami. Makarantunmu, saboda gudun cunkushe manhaja, sun ɗauki rabin farko sun ƙware a kansa, sun ajiye na biyun sai an sami sarari. Hausawa sun ce babba juji ne. Mu muka gyara karin maganar, muka mayar da jujin wurin ƙarami, tunda shi ya fi kusa da ƙasa.

Masu cewa wannan ɗabi'a ta rashin wayewa ce su koma tarihi su sha kunya. Gadon Ingila ne, daga makarantun 'ya'yan manya irin su Eton da Rugby, inda Thomas Arnold, wanda ya shugabanci Rugby daga 1828, ya ƙarfafa tsarin damƙa wa manyan ɗalibai ragamar ƙanana, ƙaramin yaro kuma ya zama baran babba. Irin wannan makarantar kwana mai gidaje da shugabannin ɗalibai ita Turawa suka dasa mana, tun daga Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Su masu abin, da yake ba su da riƙon amana, sun yi watsi da bautar ƙananan ɗalibai tun wajen shekarun 1970 zuwa 1980. Mu kuwa 'yan halak ne. Jirgin ƙasan da suka bari mun bar shi ya lalace, amma wannan gado mun riƙe shi hannu bibbiyu, har mun ƙara masa wayar wuta, wadda su ba su yi zurfin tunanin kaiwa gare ta ba.

Dubi dai raunin zuciyar mutanen Norway. A 1982 yara uku, tsakanin shekara 10 da 14, suka kashe kansu a arewacin ƙasar bayan cin zalin da suka sha a makaranta. Uku tak! Sai ƙasa ta ɗauka gaba ɗaya, a 1983 aka ƙaddamar da gangami a duk makarantu. Wani masani, Dan Olweus, ya fito da tsarin da ko yaran zaurena sai su ce ya saci maganarsu: a raba wa ɗalibai takardar tambayoyi ba suna, su faɗi abin da ake yi musu da inda ake yi, malamai su tsaya a wuraren a lokacin hutun tara, a kafa doka a kowane aji, a kira iyaye. A makarantu 42 na birnin Bergen da aka gwada, cin zalin ya ragu da kusan rabi. Ka ji asara. Rabin tarbiyya ta tafi a banza. 'Yan Finland ma suka bi sahu da nasu shirin, KiVa, da Jami'ar Turku ta tsara, aka baza shi a makarantun ƙasar daga 2009. Su 'yan kallo suka sa a gaba, wai azzalumi tafi da dariya yake nema, in masu kallo suka daina ba shi, sai kasuwarsa ta mutu. Abin haushi, ɗaya daga cikin yaran nan ya faɗa mini kusan haka, bai taɓa jin sunan Finland ba. Ya ce, "Kawu, mu ma ba daɗi muke ji ba in muna dariya. In ba ka yi ba, kai ne na gaba." Ina amfanin binciken da ɗan aji biyu ya riga ya san sakamakonsa?

Mu namu tsarin ya fi nasu sauƙi da tsafta: abin da waya ba ta ɗauka ba, bai faru ba. A watan Afrilun 2024 bidiyo ya fita daga wata makarantar masu hali a Abuja, ɗaliba tana zabga wa 'yar'uwarta mari ba ƙaƙƙautawa, saura na kallo. Nan da nan minista ta isa, aka rufe makarantar kwana uku. A watan Nuwamban shekarar, wani bidiyon ya fito daga kwalejin gwamnatin tarayya da ke Inugu, aka dakatar da ɗalibai 13. Dubi wannan hanzari! Kuma don kada a gajiyar da ministoci, yawancin makarantun kwana sun haramta wa ɗalibai riƙe waya, ta yadda ɗan talakan da ke cikin dajin ƙaramar hukuma ba zai taɓa tayar wa kowa da hankali ba.

A watan Yulin 2025 ɗalibai biyu suka rasu a makarantar kwana ta gwamnati da ke Bichi a jihar Kano, bayan dukan da aka ce 'yan'uwansu ɗalibai ne suka yi musu. Iyayensu karatu suka aika su. Gwamnati ta ba da umarnin bincike, an yi kame, an yi ta'aziyya, kuma babu wanda zai ce ba a nuna alhini ba. A fagen ihu bayan hari ba mu da na biyu, kuma muryarmu kullum a washe take, domin ba ma ɓata ta wurin gargaɗi.

Dokoki kuwa, Allah ya yi mana arzikinsu. Akwai dokar kare haƙƙin yara ta 2003, jihar Kano ta sa hannu a kan tata a 2023, akwai manufar ƙasa ta 2021 kan makarantu masu aminci da babu tashin hankali a cikinsu. Duk an buga su da kyakkyawan bango, an adana su a durowa inda hannun yara ba zai ɓata su ba. Hukumar UNESCO ta ware Alhamis ta farko a watan Nuwamba don yaƙi da cin zali a makarantu, rana mai albarka da akan jera juniyoyi a rana su saurari jawabi, siniyoyi na zagaye da bel don tabbatar da nutsuwa. Ita dai hukumar ta ce a rahotonta na 2019, kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya, kashi 32 cikin ɗari, an ci zalinsa a cikin wata guda kafin a tambaye shi, a Afirka kudu da Sahara kuwa abin ya kai kashi 48. A lissafi da kimiyya ana cewa muna baya. Ga fannin da muka ba duniya rata, amma ba wanda ya taya mu murna.

Ɓangaren 'yan mata ma ba a bar su a baya ba, sai dai su aikinsu da laushi yake: suna ɗaya za a laƙa wa yarinya, kan fitsarin kwance ko kan talaucin akwatinta ko kan Hausar ƙauyensu, a daina zama kusa da ita, shekara shida ba tabo ko ɗaya da uwa za ta gani. Makarantun jeka-ka-dawo kuma sun sami WhatsApp, wanda ke raka yaro har ƙarƙashin gidan sauronsa.

Saboda haka, mai karatu, in naka ya dawo hutu ka ga ya yi shiru, ka gode wa Allah, kada ka tsananta tambaya. Kada ka ɗaga masa riga. Kada ka je makarantar ba ranar ziyara ba, balle ka nemi a nuna maka inda yake kwana, ko ka tambayi sunan malamin da ke kwana tare da su, kada ka sa bayin Allah in'ina. In an zo taron iyaye da malamai, a tsaya kan kuɗin fenti da na katanga, kada wani ya kawo zancen ƙwan fitila.

Ɗan ƙanwata ranar Lahadi zai koma. Uwarsa ta cika masa akwati da garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli da madara. Shi da kansa ya roƙe ta ta raba komai biyu, ta ƙulle rabi a baƙar leda ta ɗora a sama, inda hannu zai fara kaiwa, ko Allah zai sa a bar masa na ƙasan. Tun daren Alhamis bai ci abincin kirki ba.